Maraƙi mai kai biyu ya fi ni daraja

Ina tsaye gaban busasshen maraƙi mai kai biyu a cikin gilashi, ina ta dariya. Saurayina ne ya kawo ni wannan gidan abubuwan al'ajabi a birnin D.C., nan ƙasar waje, har da mashaya a gefe. Wallahi ya burge ni.

Na ce, "Ina ka samo nan?"

Ya kurɓi lemonsa. "Ai saboda giyar nan, ba Bahaushen da zai shigo ya gan mu."

Mutumin da nake ta roƙo ya je garin Beltsville nan kusa ya gaida kawuna!

Maraƙin ma an haska masa fitila kowa ya gani. Ni ce abin ɓoyewa.

Mata 'yan uwana, da ku ne, za ku ƙarasa shan lemon?