Amin a Bakin Bokiti

Inna ta kurmance da gaske a bara, amma a gidanmu ni kaɗai na yarda. Jikokinta sukan laɓe a bayanta su ce an kawo mata tsaraba, su ga ko za ta waiwayo. Mijina kuwa, idan zai yi gulmarta, har yanzu sai ya ja ni waje ya rage murya. Ban ga laifinsu ba. Matar da ta yi shekara huɗu tana kurumtar ƙarya har ta rufe kamfani guda da ita, ba za ta zo da tsufa ta ce kunne ya tafi a gaskata ta da sauƙi ba.

Idan aka ce 'yar leƙen asiri, mutane sukan hango wata doguwa mai jan baki da ƙaramar bindiga a jaka. Ni dariya abin yake ba ni. Tawa uwar gajera ce, tana ɗan jan ƙafar hagu, kayan aikinta kuma shuɗin bokitin roba ne da tsumman tsohon tawul. Boko ba ta yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ta kunne ne, da kan da ba ya zubar da abin da kunnen ya kawo. Tun ina ƙarama na san ba a yi mata alkawari a ce an manta, domin za ta maimaita maka maganarka da muryarka, har da tarin da ka yi a tsakiya.

Ina da shekara goma sha ɗaya ƙanena Auta ya rasu. Zazzaɓi ne da tari, irin wanda kowane yaro yake yi. Inna ta sayo maganin ruwa a kantin bakin titi, kwalba fes, kwali fes, kwanan wata bai wuce ba. Ta yi ta ba shi a cokali, ciwo yana gaba, har ranar da muka kai shi asibiti a makare. Likitan ya juya kwalbar a hannunsa, ya kankare takardar jikinta da farce, sai ga wata takardar a ƙasa mai kwanan watan da ya shuɗe da shekara uku. Babanmu ya riga ya rasu tun Auta yana goye, saboda haka mu biyu muka dawo gida, ni da ita da kwalbar.

Ba ta yi kukan da maƙwabta suka zo taya ta ba. Ta ɗaure kwalbar a gefen zane ta tafi ofishin masu sa ido kan magunguna, ta zauna a bencin baranda kwana uku ana ce mata ta dawo gobe. A rana ta uku wata jami'a, wadda har yau muke kira Mai Tabarau, ta gaji da ganinta ta shigar da ita ciki. Ta gaya mata gaskiya: sun san kamfanin da yake sake wa tsofaffin magunguna takarda, amma duk ranar da suka kai samame sai su tarar da sito a share kamar masallacin da aka gama wankewa.

Inna ta ce ai dole su tarar da shi a share. Sannan ta maimaita mata, kalma bayan kalma, abin da masinjan ofishin ya faɗa a wayar baranda jiya da hantsi, da lambar da ya juya, wadda ta gane daga tsawon ƙarar kowane juyi. Mai Tabarau ta cire tabaraun ta ajiye a kan tebur, ta daɗe tana kallonta.

Shawarar kurumta ta Inna ce, kada wani ya ci mata ita. Mai Tabarau dai aikin shara ta yi niyyar nema mata a kamfanin ta hannun wani. Inna ta ce mutum yana rage murya idan mai shara ta shigo, amma gaban kurma ko asirin uwarsa sai ya faɗa. Muka tashi daga unguwarmu zuwa wata inda ba a san mu ba, ɗaki ɗaya da ƙaramin kicin, aka ce wa kowa zazzaɓi ne ya tafi da jinta bayan haihuwa. A waje ina yi mata magana da hannu da ihu. A ɗaki mukan kunna rediyo mu yi hirarmu ƙasa-ƙasa.

Ni na horar da ita, kuma na ji daɗin aikin fiye da yadda ya kamata. Ina sakin murfin tukunya a bayanta, ina ce mata ga kunama a zanenta, ina kiranta da sunan da ta fi tsana. Cikin wata guda ta zama dutse, ko ƙifta ido ba ta yi. Sai wata safiya tana shanya a igiya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta wuce ta bayanta, ta dafa kaina ta ce Allah ya raya wannan yarinya. Inna, ba tare da ta juyo ba, ta ce amin.

Allah ya taimake mu, tsohuwar ita ma kunnenta ba wani na kirki ba ne. Amma ranar Inna ba ta iya cin abinci ba. Ta ce za ta iya jure zagi, za ta iya jure ihu, amma a yi wa 'yarta addu'a ta bar ta ta faɗi ƙasa, wannan bakinta ba zai taɓa koya ba, don ba ya neman izininta kafin ya amsa. Ta koma matse tsumma a bokiti, can sai na ga ta yi murmushi. Ta ce tunda ba za ta iya hana amin fita ba, to za ta sa ta yi ta fita har ta zama ba komai.

Haka ta shiga kamfanin. Duk sanda ta tsoma tsumma ta murɗe shi a bakin bokiti, sai ta ce amin da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa. Wanda ya tambaya, ta ce addu'o'inta take yi a zuci. Ma'aikata suka samu abin dariya. Direba ya ce taya ta fashe, Inna ta ce amin. Sakatariya ta ce mijinta ya ƙi dawowa, Inna ta ce amin. Kafin wata biyu sunanta ya koma Amin-Amin, babu kuma wanda yake ganinta fiye da yadda yake ganin bokitin. Idan wani ya yi addu'ar kirki a bayanta amsa ta kuɓuce mata, sai ta bi ta da tsoma tsumma, magana ta wuce.

Ran Asabar takan kai rigar aikinta gyara shagon wata tela. Rigar nan ta sha gyaran da ko rigar amarya ba ta sha ba. A bayan labulen awo Mai Tabarau tana zaune da littafi, keken ɗinki yana ta ƙara a waje, Inna tana zazzage mata mako guda: wace mota, wace rana, wane kanti, da muryar Mai Sito mai kauri da ta Manaja mai laushi. An kama motoci, an rufe kantuna. Abin da ba a samu ba shi ne inda injin buga takardun yake, kuma muddin yana aiki, kwalba irin ta Auta ba za ta daina fita ba. Shi Inna take jira ta ji, shekara huɗu.

Manajan nan ba mai hayaniya ba ne, kuma irinsu sun fi ban tsoro. Mutum ne da idan aka matsar da kujerarsa taku ɗaya zai sani. Da aka kama motoci biyu a jere, waɗanda daga shi sai Mai Sito suka san hanyarsu, sai ya zauna ya tuna wa yake cikin ofis ranar da suka yi maganar. Mai Sito ya ce babu kowa. Manaja ya ce akwai bokiti.

Ya fara da abin da kowa zai fara. Ya saki tiren kofuna a bayanta, ya sa aka yi ihun gobara a baranda, ya tsaya kusa da kunnenta ya ce an kore ta daga aiki. Inna ta ce min a ranta har tausayinsa ta ji, domin duk wannan 'yarta ta yi mata shi da murfin tukunya tun shekara huɗu. Sai ya daina, ya koma kallo kawai. Kwana biyar yana zaune a bayan teburinsa yana kallon hannunta da bakinta, har ya tabbatar ba ta taɓa murɗe tsumma ba tare da amin ba.

Ranar Laraba da hantsi ya kira Mai Sito, ya rufe ƙofa da makulli ya sa a aljihu. Inna tana durƙushe tana goge gindin kabad, ta ba su baya. Ya san da ni, ya taɓa ganina a bakin get na kawo mata laima. Ya jira ta tsoma tsumma a ruwa, ta ɗago shi, ta kama shi da hannu biyu. Sannan ya ce, a hankali, da muryar nan tasa mai laushi:

"Allah ya ɗauke miki 'yar nan taki kamar yadda ya ɗauke ɗan."

Idan ta yi shiru, ta ji. Idan hannunta ya tsaya, ta ji. Ƙofa a kulle take, kuma mutanen da suke sayar wa jarirai ruɓaɓɓen magani ba za su tsaya yi wa mai shara shari'a ba. Ga shi ya ambaci ɗan, wato ya riga ya bi sawunta har tsohuwar unguwarmu, abin da ya rage masa kawai ya ga ko kunnen yana aiki.

Inna ta murɗe tsumma, ruwa ya zuba a bokiti, ta ce amin. Ta ja bokitin gaba ta ci gaba da gindin kabad.

Mai Sito ya ce subhanallahi, ya ce wa Manaja ya ji tsoron Allah, babu uwar da za ta ji wannan ta amsa. Manaja ya yi 'yar dariya ya ce ai shi ya sa ya gwada. Hankalinsa ya kwanta har ya wuce misali. A zaman nan, tana goge ƙafar teburinsa, ya ce tunda ba ita ba ce to waya ce ake saurare, a daina faɗin komai a waya, kuma ran Litinin a kwashe injin daga bayan gidan burodin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa kafin a gano shi. Inna ta murɗe tsumma ta ce amin, kuma ta ce min wannan ita ce amin mafi daɗi da ta taɓa fita daga bakinta.

Ba ta jira Asabar ba. Da aka tashi ta yage hannun rigarta da ƙusar ƙofa a gaban mai gadi, ta wuce shagon tela, tela ta aika aka kira Mai Tabarau. Ran Juma'a da safe aka kama injin yana tsakiyar aiki, takardu suna fita da danshin tawada.

Ni abin da na sani a lokacin shi ne ta dawo ranar Larabar nan ta kulle ɗaki, ko rediyo ba ta kunna ba. Ta taɓa goshina, ta taɓa wuyana, ta sa na buɗe baki ta duba, ta hana ni zuwa makaranta har mako guda alhali lafiyata ƙalau. Tun daga nan ko atishawa na yi sai ta miƙe tsaye. Ba ta gaya min dalili ba sai bayan na haifi 'yata ta fari.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ina riƙe da jaririya a hannu, na kasa gane yadda bakin uwa zai iya. Na tambaye ta da zafi yadda ta yi ta amsa. Ta gyara zama ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake tafasa ruwa.

"Tsakanin tsoma tsumma da murɗe shi akwai numfashi guda," ta ce. "Shi ya yi tasa a fili, ni na yi tawa a ciki, na ce Allah ka raya min ita har ta yi furfura. Amin ɗin tawa ce. Shi ya ɗauka tasa ce, wannan kuma ruwansa."

Na ce to idan ta tabbata haka, me ya sa ta hana ni makaranta mako guda. Ta ce ita ta san wa ta amsa wa, amma ai bakin nata ne ya faɗa a bayan maganarsa, kuma wannan ba ya barin mutum. Daga nan ta karɓi jaririyar ta ce ban iya riƙe kai ba.

Yanzu shekarata hamsin da uku, furfura ta cika min gaban kai, kuma duk sanda Inna ta ga ina shafa mata baƙi sai ta yi faɗa, ta ce in bar mata shaidarta. Mai Tabarau ta rasu, tela ta rasu, takardar yabon da aka ba Inna a ɓoye tana ƙarƙashin katifa tare da kwalbar Auta. Ba ta taɓa ɗaukar kanta wata jaruma ba. Takan ce ita dai shara ta yi, ta kuma share da kyau.

A bara da ta fara cewa ba ta ji, ni ma dariya na yi tare da yara. Sai wata rana da la'asar na same ta a bayan gida tana wanke ɗan tawul ɗinta, don har yau ba ta yarda wani ya wanke mata. Ta ba ni baya. Na tsaya dab da ita, ban yi ihu ba, ban saki murfin tukunya ba, na san waɗannan ba sa kama ta. Na ce, Allah ya raya miki jikokinki, Inna, ya bar mana ke.

Ta murɗe tawul ɗin, ta yarfe shi, ta miƙa hannu tana neman igiya. Na jira har ta gama shanyawa, ba ta ce komai ba. Sai na ce amin da kaina, na ɗauke mata bokitin.