Ranar da Anti ta ɗaga hannu a Greensboro

Muna idar da sallar asuba muka bar Richmond, ni da maigidana, muka nufi Greensboro. Anti, ƙanwar mahaifiyata, ce a can, mai kitso, an yi mata aikin kafaɗa wata huɗu da suka wuce. A ranar ne likita zai faɗa ko za ta koma sana'arta. Da kitson nan take riƙe gidanta, don haka hankalin kowa a tashe yake.

Hanya shimfiɗe, itatuwa hagu da dama har ido ya gaji. Da muka tsaya shan mai, maigidan ya sayo kofi mai kama da ruwan wanke tukunya, ya daure ya shanye.

Mun ɗauki Anti a gidanta kusa da titin Gate City Boulevard. Daga nan muka wuce asibiti.

Likitan ya nuna mana hoton ƙashin. Ashe rabin gaɓar kawai aka canza, wato kan ƙashin hannu, gurbin da yake juyawa a ciki kuwa nata ne. Ya ce abin da aka sa ba ƙarfe ba ne irin na da, wani sabon abu ne mai santsi, dangin gawayi, wanda ba ya saurin cinye gurbin.

Anti ta juyo ta dube ni. "Gawayi kuma? A jikina?"

Likitan ya ce ta ɗaga hannu. Ta ɗaga a hankali, ya wuce kafaɗa, ya kai kunne, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi ba. Ya ce ta koma aiki, amma kaɗan kaɗan, kada ta bar motsa hannun. Sai hawaye, tana dariya tana hamdala.

A hanyar gida muka biya shagon kayan Afirka. Doya ɗaya kusan dala goma! Anti ta ce a ɗauko biyu, yau ranar sakwara ce. Kafin miya ta nuna ta zaunar da ni ta yi min shuku, tana ta faɗan na bar kaina ya lalace.

Da magariba muka shiga Richmond. Na dawo na san cewa hannun da mutum ke ɗagawa ba tare da tunani ba, babbar ni'ima ce. Tun a mota na kira Mama a Kano na ce, "Ƙanwarki ta koma kitso."