Ranar da Muka Mayar da Alhaji Labbo Kan Kujerarsa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin kwamfuta a ofishin ilimi na shiyyarmu a Talata Mafara, ba na jin zan manta da wata Alhamis ta watan Maris, ranar da na'ura ta dubi tsabar idona ta ce ba ni da izini. Ni fa, Bala Mai Kwamfuta, wanda ko tari na yi sai firinta ta fara aiki don tsoro.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda yake. Kowace shekara akan yi wa ɗaliban ajin ƙarshe jarrabawar gwaji kafin babbar. Daga Gusau ake turo tambayoyin a kulle cikin fayil, mu buga, mu liƙe a ambulan, mu raba wa makarantun Mafara da Bakura da Maradun. Doka ta hana a buɗe su a waya ko a shagon buga takardu na kasuwa. Kwamfuta guda aka amince da ita, tana cikin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. A shekarar nan ran Litinin za a zauna jarrabawar, ga shi Hajiya Rakiya, mataimakiyar darakta da aka ba riƙon ofis, ko wata guda ba ta cika ba. Kowa ya san idan takardu suka makara, riƙon nan ba zai zama tabbaci ba, don akwai masu jiran ta yi tuntuɓe.

Da na danna fayil ɗin sai manhajar da muke karanta takardu da ita ta noƙe. Manhajar nan kuwa ta girmi 'yata ta fari, wadda yanzu take da goyo. An kulle tambayoyin da sabon salon kulli, ita kuma tsohon kawai ta sani. Na kashe na kunna. Na kwashe fayil ɗin na kai shi wani wuri. Na shiga wajen saituna, na tarar duk abin da nake son taɓawa ya yi fari fat, ba ya dannuwa. Magani ɗaya ne, a ɗora sabuwar manhaja, kuma ina da ita a filashi, ɗan abin nan na adana fayil, cikin aljihuna. Amma kwamfutar ofis ƙofa biyu gare ta. Akwai tamu ta ma'aikata, wadda ake shiga a yi rubutu a buga, akwai kuma ta maigida, wadda sai da ita ake ɗora abu ko a sauke. Ina sa filashi sai ta nemi kalmar sirrin maigida.

Maigidan kuwa shi ne Alhaji Labbo, tsohon daraktanmu, wanda ya yi ritaya ya koma Bakura noman shinkafa. A zamaninsa duk lokacin da manhajar ta nemi a sabunta ta, sai ya ƙi, ya ce abin da ke tafiya lafiya ba a kai shi asibiti. Ranar sallamarsa mun yi walima ta gani ta faɗa. Ya miƙa makullai, ya miƙa hatimi, ya miƙa motar ofis har da tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana. An yi jawabai har naman ya huce, amma ba wanda ya tuna ya tambaye shi kalmar sirri.

Na kira shi a waya. Sai da muka gaisa, na tambayi iyali da shinkafa da shanu, kuɗin wayata ya kusa ƙarewa, sannan na kawo buƙata. Ya ce ranar da aka girka na'urar ya yi alkawari ba zai furta kalmar ga kowa ba, balle a waya inda iska ke ɗauka. Da na kai wa Hajiya labari, sai ta ce laifinmu ne, babba ba a aika masa kira, zuwa ake a ɗauko shi.

Da sassafe ran Juma'a ni da Mande direba muka kama hanyar Bakura. Mun same shi a bakin fadama, wando a naɗe, yana faɗa da tsuntsaye. Aka sake sabuwar gaisuwa kamar ba jiya muka yi ba. Aka kawo fura da nono a ƙwarya wadda yaro zai iya wanka a ciki, ya ce ba mai tashi sai an ga gindinta. Ya shiga gida ya fito cikin babbar riga, a mota kuma bai fasa gaya mana ba cewa dama ya san ofishin nan ba zai yi nisa ba tare da shi ba.

Muna isa ya nufi ɗakin, ya tsaya a kan kwamfuta, ya buga. Ta ce ba haka ba. Ya gyara tabarau ya sake, ta sake ƙi. Nan na roƙe shi ya dakata, domin idan aka yi ta kuskure na'urar kan rufe ƙofar gaba ɗaya, kuma ban san tsawon lokacin da aka sa mata ba. Alhaji ya juya ga Hajiya da ke tsaye a bayanmu, ya sassauta murya.

"Hajiya, in gaya miki gaskiya, abin ga ba shi cikin kaina. Hannuna ne ya san shi."

Na dubi Hajiya Rakiya. Ga azahar na matsowa, za a tashi a tafi masallaci, bugun takardu kuma sai ya cinye Asabar ɗungurungum. Na ɗauka za ta fashe da faɗa. Sai kawai ta ce ita duk zamanta da shi ba ta taɓa ganin ya taɓa na'urar nan a tsaye ba. Ta sa aka ɗauko kujerarsa ta da, mai juyawa, wadda yanzu take ofishinta. Ya zauna, kujera ta yi ƙararta da muka sani, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Ya ce har yanzu da saura. Shi da safe yake buɗe ta, da shayi a gefe, kuma yana cikin yi wa wani faɗa.

To, aka aika aka sayo shayi. Muka fitar da Alhaji har bakin ƙofar ofis, muka jeru a baranda kamar yadda muke yi a da, har da ita Hajiya. Ya shigo yana baza riga, muna ta ranka ya daɗe, barka da asuba, alhali rana ta take tsaka. Ko kallonmu bai yi ba. Ya zauna, ya tura hula baya, ya kurɓi shayi, ya juyo kaina.

"Kai Bala, mi ya hana ka zuwa da wuri? Ofishin ga na ubanka ne?"

"Ranka ya daɗe, babur ne ya yi faci."

"Kullum faci! Babur ɗin ga naka a kan ƙaya yake kwana?"

Idonsa na kaina, bakinsa na zuba, yatsunsa kuma suna can suna tafiya su kaɗai a kan madannai. Kafin ya kai ga zancen takalmina da ba na gogewa, allo ya buɗe. Mande ya yi kabbara, Hajiya ta dafe bango tana dariya har da hawaye. Shi kuwa Alhaji bai ma lura ba, sai da ya ƙarasa faɗan tas.

Ban tsaya wasa ba. Na ɗora sabuwar manhaja, fayil ya buɗe, firinta ta kama aiki. Kafin ƙofar ta sake rufewa na sa Hajiya ta zaɓi sabuwar kalma da hannunta, ta kuma sanar da ita ga babban jami'i guda. Ran Lahadi ambulan suka isa har makarantar garin Kaya da ke can cikin Maradun, Litinin yara suka zauna jarrabawa a kan kari. Bayan salla ƙarama takardar tabbatar da Hajiya ta iso.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sabunta manhaja tun tana roƙonku da lalama, kuma ranar da za a sallami babba ku karɓi kalmar sirri kafin a raba nama. Amma abin da na fi riƙewa shi ne, rabin aikin ofis ba a kai yake zama ba, yana cikin hannun mutane da sabonsu, kuma ba ya fitowa sai an ba mutum girmansa. Da muke mayar da Alhaji Bakura a ranar, mun kusa shiga gari ya taɓo kafaɗata daga baya, ya ce, "Bala, tsakaninka da Allah, mi na rubuta?" Har yau ba wanda ya sani.