Karsanar da ta fito a kwamfutata

Jama'a, yau kyamarata ta yi abin mamaki!

Ina kasuwar shanu a Maigatari, wani dillali ya sa ni ɗaukar hoton bajiminsa. Na jona kyamara da kwamfuta, ina ɗauka hoton na fitowa nan take. Wani dattijo makiyayi yana leƙe.

Sai ya ce, "Ɗana, ƙaro girman waccan ta baya!"

Na ƙaro. Jar karsana, kunnenta da tsaga biyu.

"Wallahi tsagar gidanmu ce! Wata guda muna nemanta!"

Muka ruga. Mai riƙe da ita ya ce, "Baba, a gonata na tsince ta, cigiya na kawo ta."

Kira ɗaya dattijo ya yi, ta taho da gudu!

Ya ce in ɗauke su hoto tare, shi da karsanar. Sharaɗinsa ɗaya: kunnen ya fito.