Layi na Biyu a Na'urar Ƙwaƙwalwa

Masu karatu, wallahi ba ƙirƙira ba ce, ni abin ya faru da ni a Agadez, shekarar da sojoji ke riƙe da mulki, ruwa ya ƙi sauka har lambunan Dabaga suka bushe. Ina aikin ordinater, wato kwamfuta, a wani gidan likita, ni ke ɗaukar awon ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya in tura wa wani lokotoro, wato likitan jijiya, a Yamai, shi ya tsara mana aikin, har ya kafa doka cewa duk sanda na yi wa majinyaci magana in danna alama a na'urar awon.

Akwai infirmiya Hadiza, ma'aikaciyar jinyarmu, wadda in ta wuce sai in ji kamar an yi yayyafi a zuciyata, an kusa kai gaisuwa gidansu. Amma kullum lokotoro kaza, lokotoro kaza, in ya kira waya har gyara lulluɓi take, shi da ba ganinta yake ba. Ni kuwa kishi sai cin raina yake.

Wata azahar aka gyara na'urar, to al'adarmu sai an gwada a kan lafiyayye, Hadiza ta zauna na sa mata wayoyin a ka. Rufe ido, buɗe ido, ina faɗa ina danna alama, na tura.

Da lokotoro ya kira waya, ni na riga ta ɗauka, don kada ya ji muryarta. Ya tambaya mutum nawa na haɗa wa wayoyin, na ce ɗaya.

"Malam, ƙwaƙwalwa biyu nake gani. Ɗaya a kwance take lafiya. Ɗayar kuwa, duk inda ka danna alamar ka yi magana, sai ta tashi kamar mai fushi."

Muka sake a kaina, layi ɗaya tak. Muka sake a kanta, biyu.

Na faɗa wa Hadiza ina 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Ta naɗe wayoyin a hankali, ta ce kada mutanena su zo gaisuwar.

"Mai ɗayar ƙwaƙwalwar nan, tun ina yarinya yake tare da ni, bai taɓa tsanar muryar kowa kamar taka ba."

Ta nemi a mayar da ita aiki Bilma, har yau ban ji ta yi aure ba. Ni dai shawarata, kafin ka ɗora kishinka a kan wanda kake gani, yi addu'a, don ba ka san wa ke tsaye yana kishi da kai ba.