Borghild da Manjagara

Borghild Tveit ta tsufa tana koya wa mutane motsa jiki, amma ita kanta ko bene ɗaya za ta hau sai ta tsaya a tsakiya ta yi kamar tana ɗaure takalmi. Ranar Lahadi kowa a garin ya tafi hawan dutse, ita kuwa tana kan kujera da kofi da kek. In an yi mata gori sai ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa."

Likitar gashin ƙashi ce a asibitin masu taɓin hankali. Aikinta shi ne jikin da ciwo da magani suka taru suka daskarar, irin na Oddvar, tsohon direban bas. Magani ya kwantar masa da muryoyin da yake ji, amma ya bar shi da ƙiba da sandararrun kafaɗu, yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Ta ɗora shi a keken motsa jiki. Ya taka sau biyu ya sauko.

"Keken da ba ya zuwa ko'ina? Borghild, tsakanina da ke wa aka kwantar a nan?"

"To uban 'yan wayo, me kake so ka iya?"

Ashe aikin gayya yake so, wanda 'yan gidan benensu ke yi in ƙanƙara ta narke, a share ganye a sha kofi. Tun ranar da motar asibiti ta ɗauke shi yana ihu a tsakar gida, ba wanda ya ƙara kiransa. Kuma in ya leƙa gida ba wulaƙanci suke masa ba, ladabi ne ya yi yawa: a riƙe masa ƙofa, a sassauta murya, a yi murmushi a wuce.

"Ko kare ana ce masa tafi can," in ji shi.

Maganar ta soki Borghild. Washegari ta shigo asibiti da manjagara a kafaɗa. Ta kwaso safa daga ɗakin wanki ta watsa a baranda, Oddvar na tarawa, sauran majinyata na sake watsawa da murna. Ranar da ta zo nuna masa yadda ake durƙusawa, bayanta ya riƙe, shi ya ɗago ta.

"Ki riƙa motsa jiki, baiwar Allah," ya ce.

Bayan an sallame shi ranar gayya ta zo. Borghild ta raka shi, wai don ƙarfafa gwiwa, amma teburin waina ta nufa. Maƙwabta na ganinsa da manjagara, murmushin nan ya dawo. Oddvar ya sunkuyar da kai ya kama aiki. Kafaɗu sun saku, hannu ya faɗa, bai tsaya ba sai da ya kwashe ganye har da furannin da tsohuwa Aslaug ta shuka a bakin ƙofa.

"Kai Oddvar!" Aslaug ta daka tsawa. "Makaho ne kai? Furannina! Sakarai kawai, haka kake tuƙa bas ma!"

Kowa ya sandare. Borghild ta miƙe da waina a baki, don ta san abin da tsawa kan tayar masa.

Oddvar ya juyo yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Borghild, kin ji? Zagina ta yi!"

"Kuma ban gama ba," in ji Aslaug. "Durƙusa ka mayar min da su."

Ya ajiye manjagara, ya durƙusa a hankali yadda aka koya masa, ba tare da ya dafa kowa ba. Borghild ta koma ta zauna da wainarta.