Dabo da Ranar Citta

Dabo maƙwabcina ne a wani ƙauye kudu da Kunci, inda na koyar a makarantar firamare bayan na gama makarantar mishan. Manomi ne mai 'yar gona, da rani kuma maharbi. Tun yana saurayi ƙarar bindigarsa ta taɓa masa kunnen dama, saboda haka ko gaisuwa za ka yi masa sai ka zagayo ta hagu.

A shekarar fari, 1973, geronsa ya bushe tun bai yi kai ba. Abin da ya riƙe gidan shi ne baƙin karensa, Duna, mai kamo gafiya da kurege, wani lokaci har zomo. Matarsa Larai kuma tana dama kunu ta sayar a ƙofar gida.

Wata safiya Larai ta bar cittarta a ƙunshe cikin tsumman da ta taɓa ɗaure ƙuliƙuli. Duna ya bi ƙamshi, ya cinye 'yar cittar har da gefen tsumman, ya koma gindin rumbu yana atishawa, yawu na zuba.

"Maigida, karenka ya cinye min jari!" in ji Larai.

"Ke ta jari kike? In ya mutu, ke za ki shiga ramin gafiya?"

Dabo ya taka da ƙafa har Kunci, inda Malam Abdussalam, malamin dabbobi, yake yi wa ragowar shanu allura. Cikin kukan shanu Dabo ya ɗaga murya: "Malam, karena ya ci citta. Zai mutu?"

Malam ya waiwayo da mamaki, ya ce, "Citta?" Ya ƙara da wata magana, amma ta dama yake tsaye. Kalma ɗaya Dabo ya ji.

To, mu Hausawa muna cewa gobe, jibi, gata, citta. Dabo ya dawo gida da tabbacin an yanke wa Duna ranar mutuwa.

Bai sake fita farauta ba. Ya ɗaure karen a inuwar dalbejiya, yana gutsura masa daga ɗan tuwon da shi ma bai ishe shi ba. Na leƙa ta kan danga na ce, "Dabo, karen nan fa ya warware, ga shi yana kaɗa wutsiya."

"Malam, kai boko ka karanta, shi dabbobi ya karanta. Ya ce citta."

Ran citta Dabo ya zauna a gaban karen tun hantsi yana jan carbi. Da azahar sai ga Malam Abdussalam a kan keke zai wuce Bici. Dabo ya tare shi.

"Malam, ga cittar ta zo. Da rana ne ko sai yamma?"

Da Malam ya gane, sai da ya jingine keken saboda dariya. Ya zagayo ta hagu ya ce, "Baba Dabo, tambayarka na yi! Cewa na yi ba komai. 'Yar citta kaɗan ba ta kashe kare, in ta yi yawa ne take ɓata masa ciki. Albasa ce za ka hana shi."

Dabo ya ce alhamdu lillahi, ya kwance igiyar. Duna ya tsallake danga, kafin la'asar ya dawo da gafiya a baki. Larai ta dafa ta, ta aiko min da romo, na kuwa ji citta a ciki.

Duna ya ga damina mai albarka da ta biyo baya, ya tsufa a gindin rumbun nan. Dabo kuwa har ya rasu ana kiransa Dabo Citta. In mutum ya tambaye shi yaushe zai fita farauta, sai ya ce, "Zagayo ta hagu tukuna." Allah ya jiƙansa.